Flèche: kibiya ce a ko'ina, ko kowace sana'a da tata?

Malama Tafinta: Assalamu alaikum. Ga jimloli huɗu na Faransanci, kowace da kalmar flèche a cikinta, ina son mu daddale yadda za a mayar da su Hausa.

La flèche de la poutre dépasse la valeur admissible.
La flèche de la grue a touché la ligne.
Le prix du mil monte en flèche.
La flèche de la cathédrale s'est effondrée.

Ƙaramin ƙamus na 'yan makaranta "kibiya" kawai yake cewa ya yi shiru. In aka bi shi, sai a rubuta cewa farashin gero yana hawa cikin kibiya. Wa zai gane wannan a kasuwar Maraɗi?

Malamin Faransanci: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in ɗauke ta ukun, ita ce mai sauƙi, don Hausa ta riga ta tanadi tata: farashin gero ya yi tashin gwauron zabi. Bafaranshe ya kalli kibiyar da aka harba sama, Bahaushe ya kalli zabon da ya tashi tsaye, hoton ɗaya ne. Ba a buƙatar ƙari.

Kafin masu sana'a su shigo, ga abin da ya shafi kalmar kanta. Tamata ce, la flèche, ana furta ta kamar "filesh" amma ba tare da wasali tsakanin f da l ba. Ba daga Latin ta fito ba, daga harshen Farankawa ne, dangin Jamusanci, kuma tushenta na da alaƙa da tashi sama irin na tsuntsu. A kula da alamar da ke kan e: flèche tana ɗaukar mai karkata hagu, amma 'ya'yanta fléchette da fléchage da flécher mai karkata dama suke ɗauka. Shi ya sa ake rubuta je flèche amma nous fléchons. Ɗalibai na zubar da maki a nan sosai.

Injiniyan Gini: Ta farkon tawa ce. A gini, flèche ita ce gwargwadon yadda putur, wadda magina a Najeriya ke ce wa bim, ta lotsa a tsakiya idan nauyi ya hau ta. Yadda ake auna ta a wurin aiki: a kafa ƙusa a ƙarshen nan da ƙarshen can a ƙarƙashin putur ɗin, tazara ɗaya daga kankare, a ɗaure zare a ja shi ya miƙe sosai, sannan a auna daga zaren zuwa kankare a tsakiya. Bambancin da aka samu tsakanin awon tsakiya da na gefe, shi ne flèche.

Ƙa'idar ginin kankare ta BAEL 91, wadda har yanzu ake aiki da ita a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, ta ce idan akwai bango ko tayil da lotsawar za ta iya fasawa, to in tsawon bai wuce mita 5 ba, kada lotsawar ta wuce tsawon a raba da 500. Wato putur mai mita 5, santimita 1 ke nan. In tsawon ya haura mita 5, sai a ɗauki rabin santimita a ƙara da tsawon a raba da 1000: mai mita 6 za ta ba da santimita 1.1. Baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi a bakinta, in ba ta wuce mita 2 ba, tsawon a raba da 250.

Fassarata: lotsawar putur ɗin ta wuce iyakar da aka yarda da ita. Babu kibiya a ciki.

Malam Lissafi: Injiniya, akwai kibiya a ciki, ƙwarai kuwa, kai ma ka zana ta ba ka lura ba. Zaren da ka ja fa? Tsirkiya ce. Putur ɗin da ta lanƙwashe? Baka ne. Abin da ka auna daga tsakiyar tsirkiya zuwa tsakiyar baka, ai nan ne daidai inda maharbi ke ɗora kibiya. A lissafin zane Faransawa haka suke kiran su su uku: arc, corde, flèche. Baka, tsirkiya, kibiya. Ni ra'ayina a ɗauki ukun gaba ɗaya a sa a littattafan makaranta, tunda Bahaushe ya fi Bafaranshen yau sanin baka.

Kuma tana da amfani a hannu. A ce ana son baka a saman ƙofa mai faɗin mita 2, a tashe shi santimita 40 a tsakiya. Don a san tsawon igiyar da za a zana shi da ita: a ninka faɗin da kansa, 4, a raba da kibiya sau 8, wato 3.2, a samu 1.25, a ƙara rabin kibiya, 0.2. Igiya mai mita 1.45 ke nan. A kafa ƙusa mita 1.05 ƙasa da tsakiyar tsirkiya, a ɗaura igiya da fensir, a zaga a kan falange. In kibiyar ta kai rabin faɗi daidai, an samu rabin da'ira, plein cintre. In ta gaza haka, surbaissé suke cewa.

Injiniyan Gini: Malam, a allo na yarda da kai. Amma ka je wurin zuba kankare ka ce wa birkila "kibiyar dakin nan ta yi yawa", zai ɗaga kai yana neman wanda ya harbo. Shi abin da yake cewa: dakin, wato shimfiɗar kankaren rufi, ya yi ciki. Kuma maganarsa ta fi tamu fitowa.

Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke jawo cikin, don mutane na ɗauka ƙarin rodi ne maganinsa. Lissafin putur mai zaune a kan ginshiƙi biyu da nauyi a baje shi ne f = 5qL⁴/384EI: f lotsawa, q nauyin da ke kan kowace mita, L tsawo, E taurin kankaren, I kuma ya danganta da faɗi da tsayin putur ɗin. Ku dubi L ɗin nan mai 4 a kansa: in aka ninka tsawo sau biyu, sauran komai na nan yadda yake, lotsawa sau 16 take ƙaruwa. Shi kuma I, ga putur mai kusurwa huɗu, faɗi ne a ninka da tsayi sau uku a jere, a raba da 12. Ninka faɗi, lotsawa ta ragu da rabi kawai. Ninka tsayi, ta ragu sau 8. Saboda haka mai gidan da ya ce a rage masa tsayin putur daga santimita 40 zuwa 30 don kada ta leƙo a falo, ya ƙara lotsawar fiye da ninki biyu, ko da an cusa rodi.

Na biyu, gaggawar cire tokara. Katakon gefe ana iya cire shi bayan kwana biyu ko uku, amma sandunan da ke tokare da ƙasan putur da dakin a bar su sati uku zuwa huɗu. Ƙarfin kankare a kwana 28 ake lissafa shi. Na uku, abin da suke kira fluage: kankare na ci gaba da lotsawa a hankali shekara da shekaru a ƙarƙashin nauyin da ba ya sauka, har ta kai ninki biyu ko uku na ranar farko. Shi ya sa ƙofar da ke buɗewa lafiya ranar tarewa take fara cijewa bayan damina biyu, bangon da ke ƙarƙashi kuma ya tsage.

Baba Magini: Yaro ka yi bayani, Allah ya yi albarka. Ka manta da baranda. A can rodin ƙarfi a sama yake zama, ba a ƙasa ba, don saman ne ke jan wuya. Ranar zuba kankare leburori na taka shi da baro da ƙafa ya nutse, in ba a sa masa kujerun ƙarfe sun riƙe shi ba. Daga nan sai ka ga bakin barandar ya sunkuya, tsaga ta bi gindinta a sama, ruwa ya shiga, rodi ya yi tsatsa.

Shi kuma Malam Lissafi, ka ji daɗi: magina na gargajiya ma baka suke cewa. Bakan gizo ake kiran wannan lanƙwasar da ke ɗauke da rufin soro, irin wadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya. Amma kibiya kam ban san ana faɗarta ba a ginin ƙasa. Tashi ake cewa, bakan ya tashi ko ya kwanta.

Malam Lissafi: Baba, "tashin baka" ma ya yi mini. Kuma kwanciyar tana da farashi: ƙarfin da baka ke tura bango da shi waje, H = qL²/8f ne, f ita ce kibiyar. A rage kibiya da rabi, turin ya ninka. Dalilin da ya sa baka mai kwanciya ke neman bango mai kauri ko ƙarfen ɗauri.

Baba Magini: Wannan na bakan bulo ne ko na dutse, wanda kowane ɗaya ke danne ɗan'uwansa. Namu azara ce ake jerawa, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasa da shi, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Azarar na riƙe ja, don haka lissafinka ba zai hau shi kai tsaye ba. Kada a haɗa su.

Injiniyan Gini: Gaskiyar Baba. Saura contre-flèche, wadda ake gani a takardun gini. Ɗaga tsakiyar katakon zubi ne kaɗan da gangan kafin a zuba kankare, don in ya sauka ya sauka daidai. Ƙa'idar Turai ta Eurocode 2 ta ce kada ɗagawar ta wuce tsawon a raba da 250. A Hausa sai in ce doron riga-kafi, ko dai kawai "a ɗaga tsakiya".

Mai Ƙugiya: A yi hattara da contre-flèche ɗin nan, don a wurinmu wani abu ne dabam. A ƙugiyar gini mai tsayi, wato grue, injin ɗaga kaya, flèche shi ne dogon hannun da ke ɗauko kaya, contre-flèche kuma gajeren hannun baya da ake jibge wa tubalan kankare don ya daidaita nauyi. Mai fassara ya ga kalmar a littafin ƙugiya ya rubuta "ɗaga tsakiya", ya kashe mutane.

Jimla ta biyu: hannun ƙugiya ya taɓa wayar lantarki. Dokar aiki ta Faransa ta ce a nisanci waya da mita 3 in ƙarfinta bai kai volt 50,000 ba, mita 5 in ya wuce. Ba sai an taɓa ba, wutar tana tsalle.

Abin da ya kamata kowa ya sani game da hannun: nauyin da yake ɗauka na raguwa ne yayin da kayan ke nisa da gindi. Wadda ƙarfinta na ɗaga tan 8 ya tsaya a mita 10, kusan tan 2 kawai za ta ɗaga a mita 40, kuma jadawalin da ke manne a ɗakin direba shi ne alƙali, ba ƙiyasi ba. Iska in ta kai kilomita 72 a awa, an tashi aiki. Sannan a saki birkin juyawa, mise en girouette, hannun ya bi iska da kansa ya ba ta baya. In aka kulle shi iska ta buge shi a gefe, nan ake samun faɗuwa. Ƙugiya mai tafiya a kan taya ko sarƙa ita kuwa kwantar da hannunta ake yi. Wadda ta faɗi a Harami ranar 11 ga Satumba 2015, mutane sama da ɗari suka rasu, irin mai sarƙa ce, hannunta na tsaye guguwa ta same ta.

A motar haƙa ƙasa ma akwai: flèche shi ne damtsen da ke manne da jikin mota, balancier shi ne na gaba, godet kuma cokalin.

Malama Tafinta: Allah ya jiƙan su. To ga shi yanzu muna da ciki, da tashi, da hannu. Malam Lissafi, kibiyarka na raguwa.

Ɗan Lantarki: Yaya, bari in ɗan tallafa masa, don a wayar wuta hotonsa na fita tsaf. Layin da za ka ja da ido daga kan wannan turke zuwa wancan shi ne tsirkiya, wayar da ta sauko ita ce baka, flèche kuma zurfin cikin a tsakiya. Lissafin ma nasa ne aka kifar: f = pL²/8T, p nauyin mita ɗaya na waya, T ƙarfin jan.

Ga inda ake kuskure. Tazarar mita 50, an bar ciki santimita 60. Tsawon wayar ya fi tazarar da kusan santimita 2 kacal. Alminiyom na miƙewa da zafi. In zafin wayar ya ƙaru da digiri 30, mita 50 ɗin nan za ta ƙara kusan santimita 3 da rabi. Kamar ba komai ba. Amma ka mayar da shi cikin lissafi, cikin ya doshi mita 1. Wato wayar da aka ja da sanyin safiyar hunturu aka bar ta sako-sako, a watan Afrilu babbar mota mai lodin buhuna za ta iya kwashe ta. Wadda kuma aka ɗame ta tamau da tsakar rana a bazara, sanyi na zuwa za ta tsuke ta ja turaku ko ta tsinke a maɗauri. Don haka ake da tableau de pose, jadawalin da ke faɗin cikin da za a bari gwargwadon tazara da zafin ranar da ake aikin. Amma mu ma ciki muke cewa, Malam, ka yi haƙuri.

Malamin Faransanci: Akwai tarkon da ya kamata in nuna a nan. Injiniya zai ce la poutre fléchit, putur na lanƙwasa, sannan ya auna flèche, sai mutum ya ɗauka uwa ɗaya ta haife su. A'a. Fléchir daga flectere na Latin take, lanƙwasawa, 'yar'uwar flexion. Kama ce kawai ta sa suka zama maƙwabta. Flécher kuwa, mai ƙarewa da er, ita ce ta kibiya: sa alamomin nuna hanya. Parcours fléché hanya ce da aka jera wa alamun kibiya.

Wani tarkon ya fi wannan muhimmanci ga mai duba takardar abinci: flèche de lard. Ba ruwanta da harbi, asalinta ma dabam ne, daga harshen mutanen arewacin Turai na da. Tsagin kitsen alade ne tun daga kafaɗa har cinya.

Sauran karin magana. Ce n'est pas une flèche: kansa ba ya ja. Filer comme une flèche: ya wuce kamar walƙiya, ko kamar kibiya, nan dai duka biyun sun yi. Décocher une flèche à quelqu'un: ya yaɓa masa magana. La flèche du Parthe: baƙar maganar da mutum ke jefowa yana kan fita, daga mahayan Fartiya na da masu juyowa su yi harbi suna gudu. Faire flèche de tout bois: neman biyan buƙata ko ta halin ƙaƙa.

Hajiya Edita: Malam, a ta ƙarshen ni zan sa "wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi".

Malamin Faransanci: Hajiya, wannan ta fi dacewa da ƙanwarta, ne plus savoir de quel bois faire flèche, wanda dabara ta ƙare masa. Mai faire flèche de tout bois ba lallai ruwa ya ci shi ba, sau da yawa ɗan siyasa ne mai ƙarfinsa da ba ya zaɓen makami.

Hajiya Edita: Na karɓa. To ni in ɗauki ta huɗun, don a aikin jarida ta fi ba da wahala. Ranar 15 ga Afrilu 2019 da gobara ta kama majami'ar Notre-Dame a birnin Paris, abin da ya faɗi shi ne flèche: dogon tsinin katako mai rufin darma da mai zanen gini Viollet-le-Duc ya ɗora a tsakiyar rufin a 1859, tsayinsa mita 96 daga ƙasa. Hasumiyoyin dutse guda biyu na gaba, masu mita 69, inda ƙararrawa take, ba su faɗi ba. Faransanci ya raba su: tour dabam, clocher dabam, flèche dabam. In ka rubuta "hasumiya ta rushe", mai karatu zai hango abu irin hasumiyar Agadas ko ta Gobarau ya kife, alhali ba haka aka yi ba. Ni "tsinin rufin majami'ar ya rufta" nake ganin ya fi. In tsinin a kan hasumiya yake zaune, kamar na Strasbourg mai mita 142 ko na Rouen mai mita 151 da aka yi da ƙarfen zubi, sai a ce tsinin hasumiya.

Malam Lissafi: Nan ma siffar bakin kibiya ce da ke kallon sama. Ban sauka daga ra'ayina ba, na dai rage shi: a darasin da'ira a koyar da baka, tsirkiya, kibiya. Yaron da ya riƙe wannan, in ya girma ya ga flèche a takardar putur ko ta waya, zai san inda zai sa ma'auni. A wurin aiki kuma kowa ya ci gaba da cikinsa.

Injiniyan Gini: Wannan kam ba na ja.

Mai Koyar da Tuƙi: Kun bar inda kibiyar take kibiya sak, a kan kwalta. Flèches directionnelles su ne na kusa da mahaɗa. In ka shiga sahun da kibiyarsa ta nuna hagu, hagu za ka, ba canja shawara. Flèches de rabattement kuwa su ne masu ɗan lanƙwasa, yawanci uku a jere a tsakiyar hanya cikin layi mai tsinke-tsinke. Suna gaya maka layi marar tsinkewa na gaba: in kana kan wuce wata mota ka kammala ka koma hannunka, in ba ka fara ba kada ka fara. Ƙaramar kibiya ruwan ɗorawa mai ƙyaftawa a jikin danja tana ba ka izinin bin inda ta nuna ko da ja ta kama, amma masu tafiya a ƙasa da motocin da ke da hanya su ne gaba da kai.

Tirela ma tana da tata flèche, ƙarfen gaba da ake maƙalawa a bayan mota. In aka tara lodi a baya har gaban ya yi sauƙi, tirelar na fara wutsiya da an ƙara gudu.

Malamin Gona: A itace, flèche ita ce kan da ke miƙewa sama, jagoran sauran rassa. Masu renon tohon gawo da kalgo a gonakin Maraɗi da Damagaram sun san aikin ko ba su san kalmar ba: a zaɓi toho mafi ƙarfi a kututture, a cire na gefe daga ƙasa zuwa kusan rabin tsayi, kada a taɓa kan. In akuya ta cinye shi ko wuƙa ta same shi, itacen zai yi rassa biyu ko uku masu gasa, ba za a samu sanda miƙaƙƙiya ba.

Malama Tafinta: Na rubuta duka. Wasu biyu sun faɗo mini yanzu: aile en flèche da flèche littorale.

Malamin Faransanci: Ta farko fiffiken jirgin sama ne da aka karkatar baya, don jirgin ya iya kusantar gudun sauti ba tare da iska ta dame shi ba. Na Airbus A320 digiri 25 ne, na Boeing 747 digiri 37 da rabi. Fiffike mai karkata baya ya wadatar. Ta biyu siririn tudun yashi ne da igiyar teku ke jerawa a bakin gaɓa, gindinsa manne da ƙasa, kansa cikin ruwa. Langue de Barbarie da ke gaban Saint-Louis a Sanagal irinsa ne. A 2003 aka yanka shi faɗin mita 4 don ambaliyar kogi ta samu mafita, teku ta bi yankan ta buɗe shi ya kai kilomitoci. Su da kansu langue, wato harshe, suka kira wannan, to mu ma harshen yashi.

In kuma kin ga F babba, suna ne, kada ki fassara: La Flèche gari ne a yankin Sarthe inda masanin falsafa Descartes ya yi karatu, La Flèche Wallonne kuma tseren keke ne a Beljiyam tun 1936.

Baba Magini: 'Yata, a waccan jimlar ta farko ki sa "ya yi ciki" a gaba, "lotsawa" ta biyo baya. Mai karanta wa birkila takardar a bakin gini shi zai gode miki.